Filin Makiyaya: Mu kai ƴaƴanmu su koyi aikin malamin dabbobi

A wannan wata maganarmu bisa makarantun da ke koyar da aikin malamin dabbobi ce.

Dattawanmu sun san bushiya. In ta faɗa garke, mai shanu ɗari sai ya wayi gari da sanda kaɗai. A 1962 ƙasashen Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru suka haɗa kai suka soma yi ma shanu lamba. Cutar ta sake ɓullowa bayan 1980, aka sake tasam mata. A 2011 aka tabbatar babu sauran bushiya a duniya duka. Malaman dabbobi ne suka yi wannan aiki, suna bin rugage da mashaya da allura a hannu.

Amma da sauran aiki. Ciwon huhu yana nan cikin shanu. Ga kuma annobar awaki da tumaki wadda ake kira PPR, mai kawo zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. Ƙasashen duniya sun ɗau niyyar gamawa da ita kafin 2030. Lamba tana tsare ta, sai dai lamba na bukatar wanda ya iya.

Ina ake koyo? A Kolo, kusa da Yamai, akwai makarantar gwamnati ta raya karkara, IPDR, mai sashen kiwo. Yaron da ya samu takardar birbe yana iya neman shiga ta hanyar jarrabawa. Can zai koyi gane cuta, auna magani daidai da nauyin dabba, ajiye maganin lamba cikin sanyi don kada ya lalace, fiɗiya, da duban nama a mahauta. Mai takardar bak yana iya zuwa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi, sashen noma. Babban likitan dabbobi kuwa, da yawa a Dakar suke karatu, a makarantar da aka buɗe a 1968.

Wanda ya gama yana iya kama aikin gwamnati, ko ya yi aiki ƙarƙashin likita mai zaman kansa, irin tsarin da aka soma a Dakoro a 2003.

Iyaye, kada ku mance da ƴan mata. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka buɗe ma gidan kiwo na musamman a Maraɗi tun 1963, galibi dukiyar mata ce. Da ita ake yin kayan ɗaki, da ita ake sayen hatsi in rumbu ya ƙare. Tana cikin gida, inda baƙo namiji ba ya shiga. Malama mace za ta yi sallama ta shige, ta duba akuyar tun ciwo bai ci ƙarfinta ba. In babu mai dubawa, sai maganin tebur na kasuwa, wanda ya sha rana, ba a san awonsa ba: a yi hasarar kuɗi, a yi hasarar akuya.

Wanda ke da ɗa ko ɗiya a ajin ƙarshe na kwaleji, shi je ofishin ma'aikatar kiwo na Agye, Gazawa ko Gidan Rumji, shi tambayi lokacin jarrabawa da takardun da ake bukata. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah shi ba mu lafiya, mu da bisashenmu. Sai wata mai zuwa.