Hijabinta muke so, ƙwallonta kuma ba ma so

Tun da Shugaba Tinubu ya ba 'yan wasan D'Tigress dala 100,000 kowacce da gida da lambar girmamawa, bayan sun ɗauko kofin Afirka na ƙwallon kwando karo na biyar a jere a Abidjan cikin Agustan 2025, mutanenmu suka rabu gida biyu. Wasu suka ce almubazzaranci ne, ga malaman makaranta da 'yan fansho suna kuka. Wannan ƙorafin na fahimce shi sarai, ni ma ma'aikaci ne, na san iya inda naira 70,000 take kai mutum a kasuwar Kazaure. Amma akwai kashi na biyu, masu cewa ai dama harkar ta marasa kunya ce, 'yar Musulmi ba ta tsalle-tsalle. To da su nake yau, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa.

Akwai wata baiwar Allah sunanta Bilqis Abdul-Qaadir. Baƙar fata ce, Musulma, an haife ta a 1990 a garin Springfield na jihar Massachusetts a Amurka, garin da aka ƙirƙiro wasan ƙwallon kwandon kansa a 1891. Tsawonta bai kai ƙafa biyar da rabi ba, a wasan da dogaye suke sarauta. Duk da haka kafin ta gama sakandare a 2009 ta zuba maki 3,070, ta karya tarihin jihar baki ɗaya wanda Rebecca Lobo take riƙe da shi, ita kuwa Lobo har zinare ta ci wa Amurka a gasar Olamfik ta 1996. Kuma Bilqis da kanta a rufe take wasa, hannu a rufe, ƙafa a rufe. A shekarar nan Obama ya gayyace ta buɗa-baki a fadar White House, ya ambaci sunanta a gaban baƙi.

Jami'ar Memphis ta ɗauke ta da tallafin karatu saboda ƙwallon. Tana zuwa jijiyar gwiwarta ta tsinke, shekara guda cur ta yi tana kallo daga benci. Ta warke ta dawo, ta zama mace ta farko da ta buga babban rukunin gasar jami'o'in Amurka da hijabi. Ta gama digirinta da sakamako mai daraja, ta koma Jami'ar Indiana State ta buga kakar 2013 zuwa 2014, aka zaɓe ta gwarzuwar sababbin shiga ta rukunin da jami'ar take bugawa, ta kuma yi digiri na biyu a can.

Daga nan ne jarabawar ta zo. Ta shirya tafiya Turai ta fara buga wasa a biya ta, wato ta ci guminta, sai aka ce mata hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, tana da dokar da ta hana rufe kai a fili, wai don gudun rauni. Ko ta cire, ko ta haƙura. Ku tsaya ku auna abin da kyau. Yarinya ce 'yar shekara 23, tun tana ƙarama abin da ta iya ke nan, jikinta yana kan ganiyarsa, ɗan wasa kuwa shekarunsa ƙidayayyu ne kamar damina. Ba wanda zai gan ta a wani ƙaramin gari na Turai in ta cire na minti 40. Ita kanta ba ta ɓoye cewa lokacin ya yi mata nauyi ƙwarai ba, ba ta yi ta nuna wa duniya ita waliyyiya ce ba, kuma wannan yana cikin abin da ya sa nake ganin girmanta. Amma ba ta cire ba. Ba ta kuma koma ɗaki ta naɗe hannu ba. Ta buɗe gangamin da ta kira Muslim Girls Hoop Too, ita da wasu 'yan wasa irin su Indira Kaljo suka yi ta matsa wa FIBA lamba. A tsakanin nan ne 'yan matan Katar suka fice daga gasar Asiya ta 2014 a Koriya ta Kudu saboda an ce sai sun cire, aka kuma tilasta wa 'yan Indiya mabiya addinin Sikh kwance rawaninsu. Sai a watan Mayun 2017 FIBA ta sauka daga kan dokar, sabuwar ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba. Lokacin shekarunta na wasa sun riga sun tafi. Ta buɗe wa wasu ƙofar da ita ba ta shiga ba, ta koma koyar da yara mata.

Na san abin da zai faru yanzu. Za a yi ta rubuta Masha Allah, Allahu Akbar, Allah Ya ƙara mata imani. Madalla. To amma ga tambayata, Malam: da a ce a Yankwashi aka haifi Bilqis, wa zai hana ta wasa? FIBA? FIBA ba ta ma san hanyar Karkarna ba. Mu ne za mu hana ta. Baffanta ne zai ce ta zubar wa gida mutunci, maƙwabci ya ce ta fi ƙarfin iyayenta, samari su sa mata suna. Tun kafin ta kai shekara 12 an gama da maganar. Turawa aƙalla sun bari ta yi digiri kafin su tare ta.

Mu ne fa muka tashi tsaye lokacin da aka hana Firdaus Amasa shiga bikin rantsar da lauyoyi a 2017 saboda hijabi, kuma daidai muka yi. Mu ne muka yi murna da hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 kan hijabi a makarantun Legas. Mu ne muke tsine wa Faransa da ta hana 'yan wasanta mata rufe kai a Olamfik ɗin Paris ta 2024, har irin su Diaba Konate, wadda ta yi wasa da hijabinta a jami'a a Kaliforniya, ta koma ƙasarta ta haihuwa aka ce ba ta da fili. Hujjarmu a duk waɗannan guda ɗaya ce: hijabi ba ya hana mace yin komai, ku bar ta ta shiga. To ina hujjar take zuwa idan aka zo kan 'ya'yanmu? Ba zai yiwu mu yi wa Faransa ihu ta buɗe filinta ba alhali mu namu filin ko share shi ba mu yi ba.

Masu cewa addini ne, ina roƙonku ku koma wurin malamanku ku tambaye su hadisin da ke cikin Abu Dawud, na tseren gudu tsakanin Manzon Allah (SAW) da Nana A'isha, wanda ta tsere masa da farko, bayan shekaru ya tsere mata. Abin da malamai suke tsayawa a kai shi ne suturta jiki da cakuɗuwa da maza. Kuma dukkansu biyun suna da magani a hannunmu. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Ba ya buƙatar ciyawa, ba ya buƙatar ban ruwa. Daɓen siminti ne, da ƙarfe biyu, da zobe biyu a tsayin mita 3.05, sai ƙwallo. Zai zauna daram a cikin katangar kowace makarantar mata ta kwana, mace ta koyar, mata su yi kallo, dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi mai kama kai. Kwalejojin ilimi kuwa kowace shekara suna yaye masu NCE a fannin motsa jiki da lafiya. Ina haramcin yake a nan?

Sai masu raɗa, waɗanda ba sa iya faɗa a fili, wai tsalle yana lalata 'ya mace. Subhanallah. Yarinyar da take daka da surfe tun asuba, take ɗauko jarka mai lita 25 daga bohol, take yawon talla cikin rana daga tasha zuwa tasha a tsakiyar 'yan kamasho, duk wannan bai lalata ta ba, sai jefa ƙwallo a kwando cikin katangar makaranta? Iyayenmu mata da suka yi gaɗa da 'yar gala-gala a dandali fa, me suke yi in ba tsalle ba? Mun kashe dandali, ba mu kawo komai a madadinsa ba, sai waya. Yanzu kuma muna kukan TikTok.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa makarantar da ba ta da benci, ba ta da banɗaki, malami ɗaya yana fama da aji cike maƙil, ina ita ina ƙwallon kwando. Gaskiya ne, ban musa ba, kuma in za a ba ni zaɓi tsakanin banɗakin 'yan mata da fili, banɗaki zan ɗauka. Sai dai ban taɓa jin an kawo wannan hujjar ba idan ɗan siyasa zai sa kofin ƙwallon ƙafa na samari, a raba jesi mai hotonsa, a ba da babur. Nan kuɗi ba ya yankewa. Babu ƙauyen da za ka shiga daga Roni zuwa Gwiwa ka rasa filin da samari suka kafa sanduna biyu. Talaucin namu sai an zo kan mata yake tashi.

Kuma kada wani ya ce Arewa ba ta san wasan ba. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a hannun koci Oliver Johnson ya koya, shi ne ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta daɗe tana cikin manyan kulob na ƙwallon kwando a ƙasar nan. Hakeem Olajuwon da azumi a bakinsa ya zama gwarzon wata na NBA a Fabrairun 1995, kuma har gobe muna alfahari da shi. Hanyar tana nan, maza kawai muka bari su bi. Shi ya sa da D'Tigress suka doke Ostareliya da Kanada a Paris, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai kwata fainal a ƙwallon kwando na Olamfik, da yawa daga cikinsu 'yan Najeriya ne da jami'o'in Amurka suka raina. Kocinsu ma, Rena Wakama, a can ta tashi, a can ta yi wasan jami'a.

Ba na yi wa kowa alƙawarin dala. Cikin yara dubu da wuya a samu ɗaya da za ta ci abinci da wasan, Bilqis ɗin ma da duk bajintarta ba ta samu wannan ba. Abin da nake hange ya fi haka kusa: yarinyar da take ɗokin zuwa makaranta saboda tana cikin tim, wadda ta koyi a kayar da ita ta tashi, ta koyi aiki da mutum huɗu ba tare da faɗa ba, ta saba da motsa jiki tun kafin hawan jini da ciwon suga su zo neman ta kamar yadda suke cin iyayenmu mata a cikin gida shiru. Jigawa ta yi abin yabo da ta ɗauke wa 'ya mace kuɗin makaranta. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga sabuwar jami'ar fasaha ta tarayya a Babura, 'ya'yanmu mata suna shiga. Wadda ba ta taɓa riƙe ƙwallo a sakandare ba, ba a jami'a za ta fara ba.

Saboda haka ga shugabannin ƙananan hukumominmu, da sakatarorin ilimi, da masu wakiltarmu a Dutse da Abuja: fili ɗaya a makarantar mata ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, malama ɗaya, gasa sau ɗaya a shekara, mata zalla. Fili biyar ke nan. Wanda yake ganin ya yi yawa, ya lissafa mana buhun simintin da zai ci, mu ajiye shi kusa da kuɗin kofin samari na bara mu gani.