Sandar biyar ta kafintan unguwa: araha ce, amma sai an sa ido

Yau za mu taɓo wata magana da wasu za su ce ba ta kai a yi rubutu a kanta ba, wato sandar buga biyar, ko sunuka kamar yadda maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa. Duk mai bin babbar hanya daga Gidan Rumji zuwa Tibiri, ya wuce Maradi ya bi Cadawa, Agye har Gazawa, zai riƙa ganin teburan nan ƙarƙashin rumfa, kusa da tasha ko gefen fada, samari sun kewaye, shayi na kan wuta. Wasan ya zauna a garuruwanmu. Tun da ya zauna, akwai kuɗi a cikinsa, kuma mu damuwarmu ita ce ina kuɗin ke tafiya.

Galibin kayan wasan daga waje suke zuwa: ƙwallaye, ƙyallen da ake shimfiɗa wa tebur, alli, da sandunan kansu. Yawanci ta Kano da Katsina suke biyowa, su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Mun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta 2019, muka sake gani bayan 26 ga Yuli 2023. In iyaka ta rufe, har ƙaramin abu irin kan sanda sai ya yi wuyar samu, mai tebur ya zauna yana kallon teburinsa. A irin wannan lokaci ne masu tebur ke tuna cewa akwai kafinta a bayan gidansu, mai injin da yake juya ƙafafun gado da na kujera, kuma injin nan zai iya fitar da sanda.

Ra'ayinmu shi ne a daina ɗaukar sandar kafinta kamar abin fita kunya, wadda ake nema sai ta kanti ta ɓace. Ta cancanci a neme ta tun farko. Amma da sharaɗi, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma akwai sandunan gida da suka tabbatar da wannan karin magana.

Mu fara da abin da ake nufi da sanda mai kyau. Tsawonta na yau da kullum yana wajen santimita 145 zuwa 147, nauyinta kuma kimanin rabin kilo ko sama kaɗan. Tana da kauri a gindi, tana sirancewa a hankali har baki. A bakin akwai zobe na tagulla ko na roba mai ƙarfi, shi ke hana icce tsagewa. A kan zoben ake manna ƴar fata, ita ce ke taɓa ƙwallo. Wannan ƴar fatar tana da tarihi: wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, shi ake danganta wa ƙirƙiro ta a farkon ƙarni na 19, lokacin da yake tsare a kurkuku. Kafin shi, icce tsirara ake dukan ƙwallo da shi, sanda na zamewa. Fata da alli su suka ba ɗan wasa ikon juya ƙwallo yadda yake so.

To, duk abubuwan nan da muka lissafa, wanne ne ya fi ƙarfin mutanenmu? Masassaƙanmu suna fitar da taɓarya da ƙotar hauya tun kaka da kakanni, sun san icce. Maƙera na iya yanka zobe. Fata kuwa, ai jihar Maradi ba a koya mata aikin fata, jar akuyar Maradi ta yi suna har ƙasashen Turai saboda fatarta. Gaskiya ne kan sanda yana son fata mai kauri da tauri, irin ta saniya, amma dukawanmu sun san inda za su same ta. Akwai ma wani abu da ƴan wasa da yawa ba su sani ba: manyan kawunan sanda na waje, masu hawa-hawa, da yawansu da fatar alade ake yin su. Wanda dukun garinku ya yanka maka, ka san dabbar da aka fiɗe.

Fa'ida ta biyu ita ce awo. Sandar kanti galibi girma ɗaya ce ga kowa, dogo da gajere. Rumfunanmu kuwa ƙanana ne, sau da yawa tebur na manne da bango ko da ginshiƙi, ɗan wasa sai ya ɗaga gindin sanda sama kafin ya buga, daga nan sai baki ya caki ƙyalle. Kafinta zai iya yi wa mai tebur gajeruwar sanda ɗaya don wannan lungun kaɗai. Zai iya ƙara nauyi ga mai son nauyi, ya rage wa mai ƙaramin hannu. A Ingila manyan ƴan wasa irin su Ronnie O'Sullivan wurin mai sana'ar hannu suke zuwa, John Parris na Landan, a yi musu sanda daidai hannunsu, da kuɗi masu yawa. Abin da suke saye da tsada, wato sanda a kan awonka, mu muna iya samun irinsa a bakin kasuwa da kuɗin da bai fi ƙarfin aljihu ba.

Fa'ida ta uku, gyara. Sandar waje mai araha in ta lanƙwashe ko zoben ya fashe, ba wanda za ka kai wa ƙara. Ta kafinta kuwa, gobe da safe kana ƙofar shagonsa.

Yanzu sai gaskiyar da ba ta da daɗi. Babbar cutar sandar gida ita ce ɗanyen icce. Turawa suna amfani da itatuwan ƙasashen sanyi, waɗanda Faransawa ke kira frêne da érable, kuma sai sun busar da su tsawon lokaci, suna ragewa kaɗan-kaɗan suna ajiyewa, kafin a kai ga siffar ƙarshe. Mu nan, mai tebur zai zo yau ya ce gobe yake so, kafinta kuma ba ya son kuɗi su wuce shi, sai ya ɗauko katakon da ya samu ya juya. Ranar farko sanda ta miƙe sak. Iskar ɗari ta busa, ko damana ta sauka da laima, sai ka ga ta koma kamar baka. Laifin na mutum biyu ne, mai gaggawa da mai karɓar aikin gaggawa.

Don haka ga abin da muke ba masu saye shawara. Ka ɗora sandar a kan tebur ka mirgina ta: in baki yana tsalle, ba ta miƙe ba, kar ka biya. Ka ɗaga ta ka leƙa daga gindi zuwa baki kamar mai saita bindiga. Ka duba jijiyar iccen, ta bi tsawon sanda, ba kulli ba tsaga. Ka shafa ta tsakanin yatsu: in an lafta mata fenti mai sheƙi, da zarar gumi ya zo za ta riƙa kamawa, gara wadda aka goge sumul aka shafa wa ɗan mai. Ka ƙi wadda aka kafa wa fata da ƙusa, gam ake sawa. Ƙusa in ta leƙo, ƙyallen tebur za ta yaga, kuma kuɗin ƙyalle ya ninka na sanda nesa ba kusa ba. Mutum ya yi tsimin jika ɗaya ya yi asarar jika goma, wannan ba ciniki ba ne. In ka saya kuma, kar ka jingina ta da bango cikin rana. A tsaye sak ake ajiye ta, ko a kwance a inuwa.

Sai maganar icce kansa, kuma a nan ba mu da sassauci. Ƙasar Agye ta yi suna a duniya saboda sassaben zamani. Baƙi suna zuwa Ɗan Saga don su ga yadda manoma suka maido da itatuwa cikin gonakinsu, aikin da ya faro a jihar Maradi tun wajen 1983. Ba za mu yarda a sare gawo ko ƙirya ko maɗaci don wasa ba, kuma dokar gandun daji ta 2004 tana nan. Sanda ba ta cin icce da yawa. Ragowar busasshen katakon da aka yi ƙofa ko gado da shi ya isa, kuma shi ne ma ya fi, tun da ya riga ya sha iska. Iccen turare yana da saurin murɗewa in bai bushe sosai ba, a yi hankali da shi.

Mun san akwai iyayenmu da za su ce, ku da ya kamata ku hana yara wannan wasa, ga ku kuna koya musu zaɓen sanda. Maganarsu tana da tushe. Inda aka sa kuɗi a gefen tebur, caca ce, ba wani suna da za a canza mata, kuma addininmu ya hana. Inda ɗan lakwal yake riƙe da sanda ƙarfe goma na safe, mai tebur ya ci amanar unguwa. Waɗannan a yaƙe su, masu unguwanni da magadan gari su sa baki. Amma tebur mai tsabta, wanda ake rufewa lokacin salla, ake kora yara lokacin karatu, sana'a ce. Saurayin da ke tsaronsa yana samun na cefane a garinsu, bai kama hanyar Agadas ko Aljeriya ba. In aka haɗa da kafinta da duku da maƙeri, gida huɗu ke nan suna ci daga tebur ɗaya.

Kiranmu ga kafintoci shi ne ku ware katako tun yanzu ku ajiye, ku faɗa wa mai saye gaskiya cewa sai ya jira, kuma ku sa alamarku a gindin sanda don a san aikin wane ne. Wanda ya sa alamarsa ba zai so a gan ta a kan karkatacciyar sanda ba. Cibiyoyin koyon sana'a, CFM, da ke koyar da aikin katako a ƙananan hukumominmu, su ma za su iya saka wannan cikin abin da ake gwada wa yara, domin wanda ya iya fitar da icce mai tsawon mita ɗaya da rabi a miƙe, ƙafar kujera ba za ta ba shi wahala ba. Masu tebur kuma, ku biya kuɗin aiki mai kyau, ku daina taya sanda kamar kuna taya rake.

Ba mu ce sandar Gazawa za ta je gasar duniya gobe ba. Mun ce ga teburanmu ta isa, in an yi ta da busasshen icce da haƙuri, kuma kuɗinta a gida za su kwana.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya shirya mana matasanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.