Bayan Kundin Digiri na Biyu, Sai Digirgir?

Ɗalibin da ya kammala kundinsa na digiri na biyu a kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira, ya tsaya gaban malamai ya kare shi, tun tawadar sa hannunsu ba ta bushe ba za a fara tambayarsa yaushe zai zarce digirin digirgir, sai ka ce zarcewar farilla ce wadda barinta ke jawo zargi. A ganina mustahabbi ce, kuma tana da sharuɗɗa.

Dubi Joy Buolamwini, wadda iyayenta mutanen Ghana ne. Kundinta na digiri na biyu a jami'ar MIT ta Amurka shi ne tushen maƙalar da ta wallafa tare da Timnit Gebru a 2018, inda suka jarraba manhajojin tantance fuska na IBM da Microsoft da Face++, suka tarar kuskurensu wajen gane jinsin mata masu duhun fata yakan kai kashi 34.7 cikin ɗari, alhali a kan maza masu hasken fata bai wuce 0.8 ba. Hujjar nan ta girgiza manyan kamfanoni tun mai ita ba ta zama Dokta ba, domin digirin na uku sai a 2022 ta same shi.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne gudun wannan fanni. Digirgir yakan ci shekara uku zuwa huɗu a Ingila, biyar ko shida a Amurka. Wanda ya fara a 2021, shekarar da ƙasashe 193 na UNESCO suka amince da ƙa'idojin ɗa'ar wannan fasaha, kafin ya gama ya ga fitowar ChatGPT a 2022 da dokar Tarayyar Turai kan wannan fasaha a 2024. Idan ya gina bincikensa a kan furu'a, wato wata manhaja guda, zai wayi gari an daina yayinta; idan kuwa ya kafa shi a kan usulu, irin su adalci da amana da tambayar wa ke ɗaukar alhaki sa'ad da na'ura ta zalunci bawan Allah, to mas'alarsa za ta jure sauyin zamani.

Sai kuma malami. Magabata kan yi tattaki zuwa ga shaihi ɗaya saboda littafi ɗaya, kuma har yau mai duba aikinka ya fi sunan jami'ar tasiri a kan abin da za ka zama.

Batun guzuri ma ba na rainawa ba ne, musamman da yake kamfanonin da ake yi wa hisabi sau da yawa su ne ke ɗaukar nauyin masu yin hisabin. Gebru kanta ta rabu da Google a Disambar 2020 sanadiyyar saɓani kan wata maƙala. Kafin ɗalibi ya karɓi tallafi, lalle ya karanta takardar yarjejeniya layi-layi, ya ga ko mai ba da kuɗin yana da ikon hana wallafa abin da binciken ya gano.