Kasafin baɗi: ɗakin karatu kafin fentin sakatariya

Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, ranka ya daɗe shugaba, da wane uzuri za a sallame mu bana? Muna koya wa yaro haɗa baƙi, ya koma gida babu littafin da zai buɗe. Zuwa Laburaren Murtala Muhammad daga unguwanninmu sai da kuɗin adaidaita sahu, uba kuwa ba shi da su. Filin ƙwallon yara an yanka shi shaguna, sun koma wasa a bakin titi. Kafin a sake fentin sakatariya, muna neman ɗakin karatu a kowace mazaɓa, da katanga ga filin da ya rage. Ranar zaman kasafi za mu zo, tare da iyayen yara.