Na ƙona tocilata, kuma ban ji kunya ba 🧵

1/ Satin da ya wuce na saka hoton tocilata da ta ƙone, sai ga 'yan dariya: "Injiniyan gobe ya ƙona fitila", "da sabuwa ka saya da ka huta". To ku gyara zama, yau da ku nake.

2/ Irin mai cajin nan ce da ake cusa ƙafafunta a soket. Wata biyar da saye, ta kwana a caji, minti goma ta fara lumshe ido. Ga jarabawa ta matso, ga wuta a hostal sai an ga dama. Na ce bari in buɗe cikinta in gani.

3/ Abin da na tarar: ɗan batirin dalma mai 4V, kafasita ɗaya da 'yan dayod. Wai caja ke nan. Babu abin da ke tsayar da caji in batir ya cika, babu mai kare shi in ya zuƙe ƙaf. Shi ya sa suke mutuwa da wuri. Ƙwan LED ɗin kuwa lafiyarsa ƙalau, amma duka muke jefarwa a bola.

4/ Na samo batir 18650 daga tsohon batirin laftof. Sunan ma awo ne: kauri 18mm, tsawo 65mm. Ƙarfinsa 3.7V, in ya cika 4.2V. Da nan na tsaya da an zauna lafiya. Sai kwaɗayi ya ce in sa babban ƙwai mai 1W, haske ya ƙaru.

5/ Na haɗa ƙwan da batir kai tsaye, na danna makunni. Jama'a, haske kamar fitilar mota! Ina cikin murna ya koma shuɗi-shuɗi, wari ya tashi, robar bakin ta narke, ɗif. Abokan ɗakina har da riƙe ciki.

6/ Ga dalili. Farin LED mai 1W kusan 3.2V yake so, da 350mA. Kuma shi ba ya cewa ya ƙoshi, abin da ka tura masa zai zuƙa har ya mutu. Rarar 1V ce, a raba da 0.35A, kusan om 3. Rezista mai om 3.3 da faifan alminiyam mai janye zafi, su ke nan na rasa.

7/ Abin da ya fi ƙona min rai: V = IR tun sakandare na haddace shi. Aji uku nake a jami'a, kimiyya nake karanta, na ci jarabawa a kansa. Amma ban taɓa riƙe ƙarfen narka dalma a aji ba, ko sau ɗaya. Lissafin na kaina, hannuna bai san shi ba.

8/ Na kai gawar tocilar wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce, "Yaro, ina rezistarka?" Na ce, "Baba, ban sa ba." Bai yi min dariya ba. Ya ce shi kansa bai san adadin abin da ya ƙona kafin ya iya ba.

9/ To ku masu dariya, me kuka taɓa buɗewa? A gidajenmu yaro ya kwance rediyo, a zane shi, a ce mai ɓarna ne. Ya girma yana tsoron sukurdireba. Gobe mu ne a nan muna kukan ko ashana sai an kawo mana daga waje. Ta ina za mu ƙera abin da muka hana yara taɓawa?

10/ "Sabuwa ta fi arha." Yau ɗin, ƙila. Amma sabuwar ma batirin dalmar ne da cajar nan marar birki. Bayan 'yan watanni ka koma shago. Lafiyayyen 18650 kuwa yana ɗaukar caji sau ɗaruruwa.

11/ Masu cewa akwai haɗari, ku kam kun yi gaskiya, kuma wannan ba wasa ba ne. KADA ka haɗa 18650 da tsohuwar cajar tocila, zai iya kamawa da wuta. Cire ta gaba ɗaya. Sa ɗan allon TP4056 mai kariya: cajar waya 5V yake amfani da ita, a 4.2V yake tsayawa.

12/ Kada ka buɗe tocila tana jikin soket, kuma kafasita kan riƙe wuta ko bayan an zare. Batirin da ya loɓa, ya yi tsatsa, ko mita ta nuna ƙasa da 2.5V, rabu da shi. Haɗari dalilin koyo a tsanake ne, a gaban wanda ya iya.

13/ Karo na biyu ta kama. Ba ta da kyan gani, salatif ne ya riƙe rabinta. Amma daren jiya da aka ɗauke wuta, awa huɗu na yi ina karatu da ita. Ɗaya daga cikin masu riƙe cikin nan ya matso da littafinsa, na matsa masa.

14/ In kana da tocilar da ta mutu a ƙarƙashin gado, kar ka jefar. In kuma ka taɓa ƙona wani abu garin koyo, saka hotonsa a ƙasa ka faɗa mana abin da ya koya maka. Ni dai na fara da nawa.