Sharhi: Ɗaliban Dubai da biyan kuɗin karatu sau biyu

A watan Disamban 2023 ne Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara bai wa masu koyarwa a gida lasisi kyauta na shekaru biyu. Ko shakka babu matakin ya dace, amma bai taɓa tushen matsalar ba. Ɗalibin da iyayensa suka tura Dubai daga Kano ko Maraɗi, idan sai ya ɗauki malamin haya kafin ya fahimci lacca, to, ya biya kuɗin karatu sau biyu ke nan. Wajibi ne hukumar ilimi ta KHDA, da aka kafa a 2006, ta riƙa tambayar jami'o'i dalilin da ya sa ɗalibansu ke neman agaji a waje.