RA'AYINMU: Kafin A Kai Iyali Jalingo

Tun daga lokacin da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana sana'ar acaɓa a wasu manyan sassan birnin cikin Fabrairun 2020, ta kuma ƙara tsanantawa cikin Yunin 2022, magidanta da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Kudu suka shiga lissafin mayar da iyalinsu Arewa. Rikicin kasuwar Shasha ta Badun a 2021 ya ƙara wa wasu ƙaimi, wasu kuwa kuɗin hayar ɗaki ne kawai ya ishe su. Dabarar ita ce maigida ya zauna a nan yana nema, uwargida da yara su koma gida. Mutanen Jihar Taraba da suka yanke wannan shawara galibi ba ƙauye suke nufa ba, Jalingo suke nufa, domin can ne makarantu da manyan asibitoci suke.

Mu ba mu ga aibin shawarar ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake zartar da ita. Mutum yana zaune a Agege ko Sabon Shagamu, sai dillali ya bugo waya ya ce an sami gida a Sintali, cikin gari ne, ga araha, in ba a biya yau ba wani zai ɗauka. Sai a aika da kuɗin shekara. To, Sintali ɗin wace? Gundumomi biyu ne daga cikin goma na Ƙaramar Hukumar Jalingo suke amsa wannan suna, watau Sintali A da Sintali B. Sunan kuwa na sarauta ne, kamar Turaki da Barade da Majidaɗi da Sarkin Dawaki da aka raɗa wa sauran gundumomin, abin da ke tuna mana cewa garin na Sarkin Muri Muhammadu Nya ne tun 1893. Amma Jalingon da ta zama hedkwatar jiha a 1991 ta daɗe da wuce wancan gari. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kimanin 140,000, kuma bayan wannan ta karɓi waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Barno da Adamawa, da waɗanda faɗan yankin Kona na 2019 ya raba da gidajensu. A gari mai irin wannan bunƙasa, sunan gunduma ba ya gaya maka ko layin da za ka zauna yana da magudanar ruwa, balle ya gaya maka su wane ne maƙwabta.

Ya kamata maigida ya riƙa tuna cewa ba shi zai zauna a gidan ba. Tsakanin Ikko da Jalingo ya haura kilomita 1,000, kuma wanda ya bi hanyar Wukari bayan karyewar gadar Namnai a 2024 ya san cewa ba tafiya ce da ake yi don yaro ya kwana da zazzaɓi ba. Saboda haka gidan da za a zaɓa, a zaɓe shi da idon macen da za ta kwana da yara huɗu ba namiji a gida, ba mota a ƙofa.

A ɗauki zancen makaranta. A 2023 Gwamna Agbu Kefas ya ba da sanarwar ilmi kyauta a makarantun firamare da sakandare na gwamnati a Taraba. Wannan abin yabo ne, kuma yana cikin abubuwan da ke jan hankalin mutanenmu. Amma fa dattawanmu ba su manta da 1976 ba, shekarar da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a ƙasa baki ɗaya: yara suka zo fiye da yadda aka yi tsammani, azuzuwa da malamai suka kasa. Duk inda aka ɗauke kuɗin makaranta, aji yakan cika kafin a gina wani. Don haka jin cewa "kyauta ne" bai wadatar ba. Uba ya tafi da ƙafarsa ran aiki da misalin ƙarfe goma na safe, ya gaisa da hedimasta, ya roƙi a bar shi ya leƙa ajin da za a sa ɗansa. Ya ƙirga yaran, ya duba ko a kan benci suke ko a ƙasa, ya ga ko akwai malami a gaban allo a wannan lokacin. In 'ya mace ce da ta fara tasowa, ya tambayi makewayi da ruwa, domin rashinsu kaɗai yakan zaunar da yarinya a gida ba tare da ta faɗa wa kowa dalili ba.

Wanda ya ce shi ta kuɗi zai kai nasa, shi ma bai tsira daga bincike ba. Allon suna mai kyau da rigar makaranta mai launi ba su ne shaida ba. A tambaya ko Ma'aikatar Ilmi ta jihar ta amince da makarantar, in kuma sakandare ce, ko a nan ɗalibanta ke zana jarrabawar WAEC da NECO ko kuwa kwasarsu ake yi zuwa wani wuri. A kuma haɗa kuɗin zango uku gaba ɗaya, har da littattafai, kafin a amsa.

A namu ganin, inda zancen makaranta da na tsaro suka haɗu shi ne hanyar da ke tsakanin ƙofar gida da ƙofar aji. Yaro zai bi ta sau biyu kullum, in da Islamiyya da yamma sau huɗu. Uba ya taka ta da kansa a lokacin da yara ke tashi. Akwai babban titin da za a tsallaka? Akwai kwalbatin da ke cika in an yi ruwa? Akwai kangon da samari ke taruwa suna shaye-shaye? In hanyar ta fi ƙarfin ƙafar yaro ɗan shekara bakwai, to sai keke mai ƙafa uku, kuma kuɗin keken yara uku zuwa da dawowa na shekara guda yana iya cinye rarar da aka samu a kan hayar gidan bayan gari. Da can mutum yakan ce ai sai ya kai manyan makarantar kwana ya huta. Bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja cikin Nuwamban 2025, Taraba na cikin jihohin da suka ba da umarnin sallamar ɗaliban kwana. Mai hankali ba zai gina lissafinsa a kan ɗakin kwanan makaranta kaɗai ba.

In an ce tsaro, hankalin mutane yakan tafi kan manyan abubuwa, kamar harin bam da aka kai wa ayarin Kwamishinan 'Yan Sanda a Jalingo a Afrilun 2012, ko fashe-fashen Iware da Nukkai na Afrilun 2022. Sun faru, ba mu raina su ba. Sai dai abin da zai fi damun uwargida yau da gobe shi ne ɓarawon dare da mai ƙwacen waya, sai kuma ruwa. Mutanen Jalingo ba su manta da ambaliyar Agustan 2005 ba, wadda ta karya gadar Nukkai ta tafi da rayuka masu yawa. Gidan da ke kusa da Lamurde ko Mayo Gwoi yana iya yin kyau a watan Janairu. A je a gan shi a watan Agusta, a dubi gindin bango ko akwai shatin ruwa, a tambayi maƙwabci, ba dillali ba. Allah ya sa ma wannan lokaci ya yi daidai da dogon hutu, gabanin a koma makaranta a Satumba.

Mun san da yawa burinsu fili ne a bayan gari, wajen Mil Shida ko gaba, su kafa nasu. Buri ne mai kyau, kuma cikin gari yana da nasa ciwon kai na cunkoso da ƙuncin ɗaki. Duk da haka, in aka tambaye mu, a fara da hayar shekara guda a layin da ke da mutane, kusa da dangi ko wani aminin da za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Maigida ya kai gaisuwa wurin mai unguwa, ya gabatar da iyalinsa ga maƙwabta kafin ya hau motar dawowa Kudu. Ginin bayan gari ya jira har uwargida ta san garin, domin ita za ta fi shi sanin inda ya dace bayan damina ɗaya.

Kada kuma a bar Ikko ko Badun ba tare da takardar canjin makaranta da sakamakon zangunan baya ba. Rashinsu yakan sa a mayar da yaro aji ɗaya baya, ko a bar shi yana yawo zango guda. Manyan yara su sami lambar shaidar ɗan ƙasa tun da wuri, tun da hukumar JAMB ta wajabta ta daga 2021.

Muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Taraba da ta buga jerin makarantun da ta amince da su a Jalingo, gunduma gunduma, ta kuma aika wa Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan Taraba da ke Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, inda magidanta za su iya dubawa kafin su aika wa dillali ko kwabo.